Murfin Rami Na Ashirin Da Tara

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya Toktosun ya gangara murfin a kan katako ya ɗora shi a bayan tsohuwar motarsa, karo na uku ke nan. Ya ɗaure janareta da igiya, ya jefa wayoyin walda a kai. Bai faɗa wa kowa inda za shi ba. Matarsa Kalica ce ta leƙo daga ƙofa tana tari, da tsumma a hannu.

"Baban yara, shayin fa?"

"In na dawo."

"Haka ka ce jiya, na sha abina ni kaɗai. Zan hura murhu, sanyi ya fara shiga ƙashi. Kuma kwal ɗin nan da ka sayo jiƙaƙƙe ne, an cuce ka."

"Kowa ma ya cuce ni, mai kwal ne zai ƙi?" Ya buga ƙofar mota ya ja.

Daga Sari-Bulak zuwa tsohon barikin kilomita bakwai ne, hanyar duk tsakuwa. Sama da shekara talatin ke nan da sojoji suka tattara ya nasu ya nasu suka tafi. Sun bar gine-gine marasa tagogi, da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba wanda ya san iyakarsu, sai kuma ciyawa. Ciyawar ita ce magana. Tudu ya tare mata iska, dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a kanta, don haka a nan tumakin gari da dawaki suke cin hunturu. Filin na hukuma ne, amma duk shekara gunduma takan ware wa kwamitin kiwo na garin kuɗin kula da shi, a gyara shinge, a kwashe tsohuwar waya, a rufe ramukan iska.

Ramukan iska arba'in da ɗaya ne, kowanne bakinsa ya kai na rijiya, daga ɗakunan ƙasa suka ɓullo. Tumaki sun sha faɗawa ciki, har da wata goɗiya mai ciki. Shi ya sa bana gunduma ta kafa sharaɗi. Kafin dabbobi su sauko daga tsauni jami'inta zai zo ya ƙirga. In duka a rufe suke, kuɗin baɗi zai fito. In ko guda ɗaya a buɗe yake, gunduma ta janye hannunta, filin ya tafi gwanjo. Masu jiran gwanjon kuwa kowa ya san su, masu haƙar tsakuwa ne da 'yan gwangwan.

Toktosun aka ba aikin, don shi ne mai waldar gari, kuma shekara sittin da biyu a duniya ba a taɓa cewa ya ɗauki ko ƙusar wani ba. Bai tara komai ba sai wannan suna, yana kuwa ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da garkensu. Murfi arba'in sun zauna daram. Na ashirin da tara ne ya ƙi zama.

Karon farko, kwana ɗaya da liƙe shi, aka wayi gari murfin yana jingine a ƙofar shingen gidansa. Faifan ƙarfe ne mai kaurin yatsa, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, ga lambar da ya zana da walda a tsakiya. Ya mayar ya sake liƙewa, bai ce wa kowa uffan ba. Karo na biyu a ƙofar ɗakinsu aka jingine shi, har Kalica ta kasa fita da asuba, sai ta taga ta kira maƙwabta. Abin da maƙwabta suka gani kuwa gari ya gani, kafin azahar labari ya isa gunduma.

Ranar Laraba jami'in ya zo. Sidikof sunansa, siriri mai tsabtar takalmi. Kalica ta miƙo masa burodi a bakin ƙofa, ya ce ya ƙoshi. Ko gutsurawa bai yi ba, abin da ko maƙiyi ba ya yi in ya tako gidan mutum.

"Baike, ni ban ce komai ba," in ji shi, yana kallon murfin. Baike ake ce wa na gaba da kai a ƙasar nan. "Kaya ya ɓace a bariki, an gan shi a gidanka. Sau biyu. Nawa ake sayen kilon ƙarfe yanzu?"

"Tambayi masu sayarwa."

"Ai ba nisa, ɗaya ƙanin matarka ne. Litinin da safe zan dawo. In na tarar da rami a buɗe, ka san abin da zan rubuta."

A nan jami'in ya taɓo inda yake yi wa Toktosun ciwo, don shi ma Urmat yake zargi. Urmat ƙanin Kalica ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, ɗan gwangwan ne mai injin yankan ƙarfe da baki mai kaifi. Wa zai ci riba in aka kori mai walda aka yi gwanjon bariki? Toktosun ya kwana yana lissafi, duk inda ya juya a kan Urmat yake faɗawa. Da safe ya tare shi a bakin katanga ya faɗa masa.

Urmat ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jezde," in ji shi, wato mijin yaya, don haka yake kiransa tun ranar da ya auri yayarsa, "in zan saci ƙarfe sai in kawo ƙofarka in ajiye? Ni ɗan gwangwan ne, ba ɗan aike ba."

"Don a ce ni ne. A kore ni, ka shiga da injinka ka feɗe barikin."

"Wallahi tsufa bai karɓe ka ba. Je ka dubi bakin murfin da kyau. Ka ga sawun inji?"

Bai gani ba. Waldar ta rabu ne salin alin, ba yanka ba ƙuna, yadda ake ɓare ɓawon burodi. Amma mai zargi ba ya rasa amsa. Ya ce a ransa wani sabon inji ne yaron nan ya sayo a birni. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba, Kalica tana tsakiya tana tari.

Yau zai kama shi da hannunsa.

Ya shige ƙofar barikin rana tana saman tudu. Ya wuce dogon ginin da sojoji ke kwana, ya wuce tsohon ɗakin girki, ya gangara kwarin da ke bayansa. A nan na ashirin da tara yake, shi kaɗai, nesa da sauran. Ciyawar da ke kewaye da shi kore ce shar, alhali ko'ina ta bushe. Ya daɗe da lura da hakan, ya ɗauka danshi ne.

Ya ja murfin ya daidaita. Ya tayar da janareta. Ya bi bakin faifan da walda zagaye biyu, irin tasa mai kama da kitso, wadda duk yankin an san hannunsa a kanta. Sannan ya gitta sandunan ƙarfe huɗu a kai ya liƙe kowanne. Da ya gama ya tofa yawu a kai, ya ji ya yi cuu.

"To, zo ka ɓare wannan," ya ce.

Ya ɓoye motar bayan ɗakin girki. Akwai 'yar rumfar mai gadi taku ashirin daga ramin, ba ƙofa, ba rufi. Ya shimfiɗa rigarsa ya yi magariba a ciki, sannan ya zauna da sandan ƙarfe a cinya, da tocila, da waya mai ɗaukar hoto. So yake ya ɗauki fuskar Urmat ya kai wa Sidikof, ya kuma nuna wa Kalica.

Hankaki suka gama hayaniyarsu a kan bishiyoyi suka yi tsit. Iska ta kwanta. Yana jin ƙarfen rufin ɗakin girki yana ƙas ƙas saboda sanyi. Hasken da ya rage a sama ja ne, yana dusashewa.

Sai ya ji ƙamshi.

Hayaƙin busasshen kashin tumaki ne, da ɗan turaren itacen arca a ciki. Bayansa kuma ƙamshin borsok, ƙullun fulawar da ake soyawa a cikin mai. Cikinsa ya yi ƙugi kafin kansa ya yi tunani. Da tunanin ya zo, sai ya yi murmushi. Wato har girki suke yi suna jiran duhu. Yaran Urmat ne, ba shakka.

Ya tashi a hankali ya zagaya ɗakin girki. Ba kowa. Ya leƙa ta tagogi, ba wuta, ba toka, sai kashin tattabaru. Ya hau ɗan tudu ya duba gabas da yamma. Ba haske ko'ina. Da ya juyo zuwa kwarin, ƙamshin ya ƙaru.

Ya haska murfin. A gefe guda, inda zagaye biyun suka haɗu, wani siririn hayaƙi yana fita ta huda wadda ba ta fi ta allura ba.

Abin da ya fara ji kunya ce, ya bar huda a aikinsa. Sai daga baya ya tambayi kansa hayaƙin me.

Ya durƙusa ya ɗora tafin hannu. Da ɗumi. Awa guda ke nan da gama walda, a sanyin nan ya kamata ƙarfen ya yi ƙanƙara. Ɗumin kuma ba a baki yake ba inda wuta ta bi. A tsakiya yake.

Ya cire hula ya kwantar da kunnensa a kan lambar.

Tum. Tum. Tum.

Ya san wannan sautin tun yana goye. Ana dukan nonon goɗiya ne a cikin salka. Ƙarƙashinsa akwai wani sautin, ƙiiƙ, ƙiiƙ, gadon jariri na katako ana jijjigawa. Jaririn yana kuka, kukan wanda ya gaji. Wata mace ta yi tari, dogon tari mai fito a ƙarshe, irin na Kalica sak.

Har a lokacin zargi bai sake shi ba. Ya ce ko wasu ne suka tare a ƙasa suna yankan ƙarfe a ɓoye. Ya ƙwanƙwasa da sanda.

"Su wa ke nan? Urmat ne ya turo ku?"

Dukan salka ya tsaya.

Ya san zurfin ramin, shi ya auna da igiya. Gaba goma sha biyu, bango sumul, ba tsani. Amma muryar da ta amsa a jikin ƙarfen take, tazarar yatsa ɗaya daga kunnensa. Raɗa ce.

"Ɗan Burul."

Ba a kiran namiji da sunan uwarsa a ƙasar nan. Burul kuma shekararta ashirin a kabari.

"Uwarka ba ta koya maka ba?"

Ta koya masa. Yana ɗan shekara bakwai, suna kan tsauni da bazara a bukkokin ulu. Kullum kafin rana ta fito uwarsa takan fita ta ja igiya, ta yaye ulun da ke rufe ƙofar hayaƙi ta saman bukka. Wata rana don wasa ya lallaɓa ya ja ulun maƙwabta ya rufe musu, suna ciki suna girki. Ranar ce kaɗai ta taɓa dukansa. Tana duka tana kuka, tana cewa gidan da ya mutu ake yi wa haka, wa ya ce maka sun mutu.

Ya ƙara manna kunnensa da ƙarfen.

"Sau biyu muka kai maka kayanka," in ji muryar. "Cikin mutunci."

"Hukuma ce ta sa ni," ya ce, shi ma da raɗa.

"Ba mu ga hukuma ba. Hannunka muka gani."

Tarin ya sake kama ta. Kukan jaririn yana ta ja da baya, yana sirancewa. Ya zama shessheka. Ya zama numfashi.

Ya tsaya.

Gadon ne kawai ke ƙiiƙ, ƙiiƙ.

"Ka ji?" in ji ta. "Ta yi shiru."

Toktosun bai san sanda ya miƙe ba. Ya ruga bayan ɗakin girki ya faɗa kan janareta, zai jawo wuta ya ƙone waldar. Ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake. Ya sake. Warin fetur ya cika masa hanci, yana kiran sunan Allah a gutsure. Sau bakwai ya ja, injin ko tari bai yi ba.

Ya kwashi sanda ya koma da gudu, ko da ɓamɓara ce.

Murfin ba ya nan.

Bai ji ƙara ba, ko ƙis. Ba faifai, ba sanduna huɗu. Baƙin rami ne a buɗe, hayaƙi yana tashi daga ciki a miƙe, mai kauri.

A cikin hayaƙin wani abu fari yana tasowa.

Naɗin farin ƙyalle ne, irin na matan da, wanda rabon da ya ga ana sa shi tun kakarsa. Ƙarƙashinsa fuska, baƙa ƙirin da toka, hawaye ya ja layi biyu a kanta. Idanun jajur, ba sa ƙiftawa. Kan ya wuce bakin rami. Ya kai tsayin ƙirjinsa. Ya kai tsayin fuskarsa. Bai ga kafaɗa ba tukuna.

Tocilar ta faɗi daga hannunsa.

"Maigidana ya kai maka," in ji ta a hankali. "Wannan karon ya ɗora shi inda ya dace."

Ƙofar shinge. Ƙofar ɗaki.

Sai maganar Kalica ta faɗo masa: zan hura murhu.

Motar ta tashi a bugu ɗaya. Ya fita daga barikin ko ƙofar motar bai rufe ba. Tsakuwa tana dukan ƙarƙashinta, janareta yana tsalle a baya. A kwanar da ke tsakiyar hanya fitilarsa ta haska wani yana tahowa a ƙasa, daga wajen gari zuwa bariki. Dogo ne, hularsa ta ulu ta fi kan motar tsayi. Hannunsa ba komai, yana goge su a jikin riga, yadda mutum ke yi in ya gama aiki. Ya matsa gefen hanya cikin ladabi ya ba mota wuri.

Da Toktosun ya gifta shi, warin sabuwar walda ya shigo ta ƙofa.

Bai waiwaya ba.

Daga kan tudu na ƙarshe ana ganin Sari-Bulak gaba ɗaya. Kowane gida da hayaƙinsa a tsaye a sauran hasken magariba. Ya ƙirga daga masallaci. Na ɗaya, na biyu, na uku, na Urmat.

Nasa babu.

Akwai haske a taga. Ƙofa a kulle ta ciki, don tun ranar da aka jingine mata ƙarfe Kalica take sa sakata. Ya kira ta. Ya buga. Ya ɗauki dutse ya fasa gilashin, ya shiga ta kai, bai ji yankan ba. Iskar ɗakin da nauyi, da ɗumi, nan take kansa ya sara.

Tana zaune a gaban ɗan teburinsu, kanta a kan hannunta. Kofi biyu, burodi a yanke. Kumatunta sun yi ja kamar na yarinya.

Ya ja ta ta hammata, ya zare sakata da ƙafa, ya fito da ita tsakar gida ya kwantar a ƙasa mai sanyi. Sunan da ya fito daga bakinsa, da duk ƙarfinsa, na Urmat ne.

Urmat ya tsallako katanga da maiƙo a hannu, baƙi uku a bayansa. Tun la'asar suna zaune a kan nama, ashe. Bai tambayi komai ba. Ya buɗe mata wuya, ya ɗaga haɓarta, yana fifita da rigarsa yana kiran yaya, yaya. Toktosun yana durƙushe yana murza ƙafafunta, tsoro ya cika shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya manta abin da ya gani a kwari.

Ta ja numfashi da ƙara. Ta yi amai. Ta buɗe ido ta dube shi, ta daɗe.

"Shayin ya huce," ta ce.

Kwana biyu ta yi a asibitin gunduma. Ranar Asabar da safe Toktosun da Urmat suka hau rufi. Murfin yana zaune a kan bututun hayaƙi, da sandunansa huɗu. An liƙe shi da bututun zagaye biyu, walda mai kama da kitso, ba huda ko ta allura. Urmat ya bi ta da yatsa.

"Jezde, wannan hannunka ne."

"Na sani."

Urmat ya dube shi, ya dubi hanyar bariki, ya haɗiye tambayarsa.

"Na zarge ka," in ji Toktosun.

"Ka zarge ni. Riƙe mini tsani."

Sai azahar injin Urmat ya ci ƙarfin waldar. Suna sauke faifan da igiya Urmat ya kawo dabara, don ba ya rasa dabara. A liƙa ranar Litinin da sassafe, jami'i ya ƙirga, su yanke kafin la'asar. Wa zai sani?

"Kai ba ka ji kukan da ya tsaya ba," in ji Toktosun. "Ko na awa ɗaya hannuna ba zai ƙara ba."

Ranar Lahadi suka kwashi duwatsu suka kewaye ramin da katanga iya ƙugu, don kada dabba ta faɗa. Da Urmat ya tafi ɗebo ruwa, Toktosun ya sunkuya ya kasa kunne. Can ƙasa ya ji gadon yana ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ya daɗe yana jira. Kukan ne bai ji ba.

Sidikof ya zo Litinin kamar yadda ya ce. Ya ƙirga arba'in. Ya tsaya a bakin katangar dutse ya leƙa, ya goge takalminsa da ciyawa.

"Takarda murfi ta ce, baike, ba katanga ba. Ina murfin?"

"Yana gidana."

"Sau uku ke nan." Ya buɗe jaka. "Abu biyu zan iya rubutawa. Ko in ce garinku ya kasa kula da fili, a kai shi gwanjo. Ko in ce ma'aikaci ɗaya ne ya yi sata, a sallame shi a kawo wani, kuɗi ya fito. Kai ka san wanne ne gaskiya."

Toktosun ya dubi tsauni. Kwana goma suka rage garkuna su sauko, tumakin gida ɗari da hamsin. Ya so ya faɗi abin da ya gani, ya kuma san irin dariyar da za a yi.

"Ni na cire," ya ce. "Duk sau ukun."

Ya sa hannu a inda aka nuna masa.

Kuɗin ya fito, filin ya tsira. Kalica ta dawo gida, amma ba ta ƙara yarda a rufe taga in murhu na ci ba, komai sanyi. Mutanen gari suna gaishe da Toktosun kamar da, sai dai wanda ya kawo gyaran garma yanzu yakan tsaya a kai har a gama, ya ƙirga kusoshinsa kafin ya tafi.

Mako guda bayan haka wata sabuwar mota ta tsaya a ƙofarsa da hantsi. Mai waldar da gunduma ta turo ne daga birni, sabon faifai a baya, ɗan takalmin jariri yana lilo a jikin madubi. Ya sauke gilashi ya tambayi hanyar bariki.

Toktosun ya nuna masa. Sannan ya dafa ƙofar motar.

"Ƙanina, da me kuke ɗumama ɗaki a gidanka?"

"Kwal. Me ya faru?"

"Kada ka liƙe na ashirin da tara. Ka ji ni da kyau. Akwai masu zama a ƙasa."

Mutumin ya dubi hannun da ke kan ƙofarsa, ya dubi faifansa ta madubi, ya yi ɗan murmushi.

"An ba ni labarinka, baike," ya ce. Ya ɗaga gilashi ya ja.

Toktosun ya tsaya yana kallon ƙurar motar har ta ɓace. Da can in ya ce abu, ko a gunduma ba a neman shaida. Ya shiga gida ya zauna, bai ci abincin rana ba. Da la'asar motar ta dawo ta wuce, bayanta wayam.

Ya leƙa ta katanga. Urmat ya miƙo masa injin yanka ba tare da an roƙe shi ba, da sababbin fayafayan yanka guda biyu.

Kalica tana bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Baban yara, shayin fa?"

"In na dawo."

"Zan jira ka," ta ce. "Ka yi sauri."

Ya dubi rana, saura kamar awa biyu ta taɓa tudu. An riga an rubuta shi ɓarawo a takardar gunduma. Ya tayar da mota, ya tafi ya yi satar murfin kafin a hura wuta a ƙasa.